ƘAFARKA JARINKA: Nasiha Ga Matasanmu Masu Shirin Gudun Famfalaki

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya, wanda ya daɗe yana gudun dogon zango, ya gabatar a taron matasa da aka yi a Zangon Agege. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa saboda waɗanda ba su sami halarta ba.)

  

Shugaba ya ce in yi magana a kan yaran nan namu da ke fita gudu bayan sallar asuba. To, ni ba likita ba ne. Ɗan kasuwa ne kamar yawancinku, sai dai na riga su shiga harkar, na kuma riga su shan wuyarta.

Tun da aka fara gudun famfalaki na birnin Legas a watan Fabrairun 2016 abin ya shiga ran matasanmu. A wannan karo na farko an tashi daga babban filin wasa na Surulere, aka hau gadar Third Mainland, aka ƙare a Eko Atlantic. Tsawon tseren kilomita 42 ne da mita 195. Gadar kaɗai ta kusa kilomita 12, ba inuwa, ba rumfar mai shayi. Akwai kuma tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo, wanda aka fara a 2013. Ina murna da ganin yaranmu a wannan fage, domin ya fi zaman majalisa nesa ba kusa ba. Amma akwai abin da ke damuna, shi ya sa na amsa kiran shugaba.

Jama'a, mu nan baƙi ne masu neman na kai. Wani dako yake yi a Mile 12, wani ruwa yake turawa a baro, wani a kwatar Oko-Oba yake, wani gadi yake kwana yi a tsaye. Ma'aikacin ofis in ya ji ciwo zai kwanta, albashinsa na tafiya. Kai kuwa ranar da ƙafarka ta tsaya, ranar tukunyar gidanka ta tsaya, har da ta mutanen da kake aika wa a Arewa. Saboda haka maganata ɗaya ce yau: ciwon da ka ji a wajen gudu saƙo ne daga jikinka, ka tsaya ka saurare shi.

Bari in fara da kaina. Shekarar da na fara shirin babban tseren, wata biyu kawai na ba kaina. Daga kilomita 15 a mako na haye 50, duk a kan kwalta, da wani kambas na gwanjo wanda dunduniyarsa ta riga ta cinye. A mako na biyar sai na fara jin wani ɗan zafi a ƙwaurina na hagu. Na ce ai namiji ba ya raki. Na biya wani kemis aka haɗa mini ƙwayoyi, na sha, zafin ya lafa, na ci gaba. Da abin ya ƙi, na je wajen wani mai ɗori ya murza mini da man zafi. Ran nan da asuba ina cikin gudu sai ƙafar ta ƙi taka ƙasa, a kafaɗar wasu yara biyu na dawo gida. A asibiti aka ce ƙashin ne ya tsage. Wata biyu ina dogara sanda, shago a hannun yaro, tseren kuwa a talabijin na kalle shi. Ba kemis na zarga ba, ba mai ɗori ba. Ni ne jikina ya yi ta yi wa magana na toshe kunne.

Abin da likitan ya bayyana mini shi nake so ku riƙe. In mutum ya fara gudu, zuciya da huhu su ne ke saurin sabawa, cikin 'yan makonni sai ka ji numfashinka ya daidaita. Amma ƙashi da jijiyoyi sai sun ɗauki watanni. Nan tarkon yake. Ƙirji yana ce maka ƙara, alhali ƙwauri da agara ba su shirya ba. Kowane taku yana ɗan gajiyar da ƙashi, kuma a lokacin hutu da barci ne jiki ke gyara shi ya ƙara masa ƙarfi. In ba ka bar masa lokacin gyara ba, sai ɓarna ta rinjayi gyara, ƙashi ya tsage ba tare da ka faɗi ko mota ta buge ka ba.

Na san abin da yara za su ce, don sun sha faɗa mini: ai Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci tseren Olamfik a birnin Rum a 1960. Gaskiya ne, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Ya sake ci a Tokiyo a 1964, makonni kaɗan bayan an yi masa tiyata a ciki. To amma ku ƙarasa labarin mana. A 1968 a birnin Meziko ya shiga tseren da ciwo a ƙashin ƙafarsa, bai kai rabin hanya ba ya fita, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci. In tsagewar ƙashi ta tsayar da Bikila, soja mai horo, to wane ne ni, wane ne kai?

Yaya za ka bambance gajiya da rauni? Tsamin jiki na gajiya a nama yake, yawanci ƙafa biyu, ya fi tsanani a rana ta biyu, kuma cikin kwana uku ko huɗu ya wuce. Wannan ba komai. Wanda za ka ji tsoro shi ne ciwon da ke wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za ka iya nunawa da ɗan yatsa guda, mai ƙaruwa in kana gudu, mai damunka ko kana tafiya ko kana kwance da dare. In ba ka iya tsalle a kan ƙafar, ko ka fara ɗingishi, to ka daina gudu ka tafi asibiti. Ku sani kuma, hoton ƙashi ba lallai ya nuna tsagewar ba a makonni biyu ko uku na farko, saboda haka in an ce ka dawo, ka koma. Irin wannan rauni yakan ci mako 6 zuwa 8, wani ma fiye. Haka nan ciwon dunduniya da ke kama mutum a takun farko da safe, da ciwon agara, da na gwiwa wajen sauka daga bene, duk alamar kaya sun yi yawa ne, a rage.

In targaɗe ne a idon sawu, ka zauna ka ɗaga ƙafar, ka naɗe ledar fiyawata mai ƙanƙara a tsumma ka ɗora kamar minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. Kwana biyun farko ban da gashi da ruwan zafi, ban da murza. Masu ɗori iyayenmu ne, muna girmama su, amma a fara ɗaukar hoto a san abin da ke ciki. In kuma an ɗaure ƙafa ka ga yatsu sun kumbura, ko sun yi baƙi, ko ba ka jin su, a kwance nan take a nufi asibiti.

Sai maganar ƙwaya. Don Allah kada wanda ya sha diclofenac ko ibuprofen don ya samu ya yi gudu. Suna ɓoye ciwon ne kawai, kuma in suka haɗu da ƙarancin ruwa a jiki suna iya taɓa ƙoda. Tramadol kuwa ba sai na faɗa ba, mun ga abin da ya yi wa 'ya'yan mutane a unguwar nan.

Yanzu ga tsarin shiri a taƙaice. Na ɗaya, mai son cikakken tseren ya ba kansa wata huɗu zuwa biyar, kuma ya kasance ya riga ya saba da kilomita 10. Sabon shiga da wanda bai kai shekara 18 ba su tsaya a gajeren zango. Na biyu, kwana uku ko huɗu a mako sun isa, dogon gudu sau ɗaya. Na uku, kada ƙarin da za ka yi a mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon baya, kuma duk mako na huɗu ka sassauta. Na huɗu, yawancin gudunka ya zama wanda za ka iya hira da abokinka a cikinsa. Na biyar, ka lissafa aikinka a cikin horon. Wanda ya wuni yana sauke buhunan albasa ba daidai yake da wanda ya wuni a kan benci ba, ranar da aiki ya yi nauyi gudu ya yi sauƙi. Na shida, mako biyu ko uku kafin tsere ka rage, kuma kada ka sa sabon takalmi a ranar. In gwanjo za ka saya, ka juya shi ka duba ƙasansa, in ya cinye gefe guda ka bar shi.

Zafin Legas ba irin na gida ba ne. A Kano ko Sakkwato gumi yana bushewa ya sanyaya jiki, a nan kuwa iskar da danshi take, sai ka yi sharkaf amma zafin na ciki. Ka sha ruwa gwargwadon ƙishirwa, kada ka ɗura ya wuce kima, don shi ma yana da illa. Bayan dogon gudu ruwan gishiri da sukari na da amfani: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. In ka ga ɗan'uwanka yana tangaɗi ko yana surutai, ku kai shi inuwa, ku kwarara masa ruwan sanyi, ku nemi mota. Mai zazzaɓi kada ya fita sam. Wanda fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan gudu ya ga likita a ranar. Da azumi kuma a mayar da gudun bayan buɗa baki, a rage shi.

A ƙarshe ina da roƙo biyu ga shugabanni. A nemo ma'aikacin lafiya ya auna hawan jinin duk mai son shiga tsere, musamman mu da muka haura 40, masu sikila da ciwon zuciya kuma su nemi shawarar likita tukuna. Sannan masu gudun su buɗe ɗan asusu, kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa duk mako, domin wanda ya ji rauni ya samu kuɗin hoto da na cefane. Na tabbata yawancin masu ɓoye ciwo ba taurin kai ba ne, tsoron kwanciya ne ba abin sawa a baka.

Ni dai shekarar da ta biyo baya na sake shiri a tsanake, wata biyar cur, na kuma ƙarasa tseren. Mutanen Kenya da Habasha sun daɗe da yin wanka kafin in iso, amma ranar Litinin da ƙafata na buɗe shago. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a nemanmu. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, kuskuren kuma Ya yafe mini.