Haƙuri a Ranar da Asara Ta Taru

Ya 'yan'uwa, akwai ranar da magidanci zai wayi gari da ciwon haƙori, likita ya ce sai an yi ciko ko a cire shi, ya kuma yanka masa kuɗi masu yawa. Yana kan hanyar komawa gida mota ta mutu, makanike ya ce baƙin mai ya ƙone, inji ya buga. Kuɗin cefanen wata ke nan sun tafi.

A irin wannan rana ake gane mai haƙuri. Kada mu huce haushi a kan iyali, ba su da laifi. Kada mu ruga wurin mai ba da bashi da ruwa, domin riba haramun ce. Mu nemi rance wajen ɗan'uwa, a rubuta shi, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umurni.

Sa'annan mu binciki kanmu. Yawan shan zaƙi ke ruɓar da haƙori, aswaki kuwa Sunna ne. Baƙin mai yana da lokacin juyewa. Haƙuri ba ya hana riga-kafi.

Allah Ya sawwaƙe mana, amin.