Kwalba Guda, Cuta Arba'in: Labarin Magungunan Talla Daga Ingila Zuwa Bauchi



Duk wanda ya ratsa Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a garin Bauchi da hantsi, da wuya ya wuce bai ji lasifika tana tashi daga kan wata mota ba. An jera jarkoki da kwalabe da ƙulle-ƙullen gari, mai magani kuwa yana lissafa cututtuka ba ya ko numfasawa: basir, shawara, sanyi, taifot, dattin ciki, ciwon suga, hawan jini, raunin mazakuta. Duka, in ji shi, kwalba guda ce za ta kawar da su. Mutane da yawa suna tsammanin a nan aka ƙago wannan salon ciniki. Alhali kuwa an yi irinsa a Ingila, har ya fi wannan ƙasaita, a zamanin Sarauniya Biktoriya wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, watau ta rasu shekara guda kafin Turawa su shigo Bauchi. Abin da ya sami mutanen can ya isa a saurara.

Wanda ya share wa sauran hanya shi ne wani mutum mai suna James Morison. Ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne. A 1825 ya fara sayar da waɗansu ƙwayoyi da ya ce na tsiro ne zalla, kuma suna warkar da kowace cuta. Hujjarsa ita ce wai cuta duk asalinta guda ne, dattin jini, maganinta kuma guda ne, a wanke ciki. Gidan da yake harhaɗa ƙwayoyin a Landan ya raɗa masa suna Kwalejin Lafiya ta Biritaniya, don wanda ya ji ya ɗauka makarantar likitoci ce. Abin da ke cikinsu kuwa masu sa zawo ne masu ƙarfi, ciki har da ruwan tsiron nan aloe, wanda Hausawa suka san danginsa da sunan kabar giwa. In majinyaci ya sha ya yi ta kai da kawowa bayan gida, sai a ce masa ai cutar ce take fita. In ya ƙara galabaita, sai a ce bai sha da yawa ba, ya ƙara. A 1836 wani matuƙin jirgin ruwa ya sha ƙwayoyin nan kusan dubu cikin kwana ashirin bisa umurnin wakilin Morison, ya mutu. Kotu ta sami wakilin da laifin kisa ba da niyya ba, amma cinikin bai tsaya ba.

Mai sauraro a Bauchi ba zai rasa gane wannan magana ba, domin ita ce dai ake yi masa yau a kan dattin ciki da wankin ciki. Zawo ba shaidar waraka ba ne. Alama ce kawai cewa an sha abin da ke tsokanar hanji, kuma ga tsoho ko yaro ko mai ciki yana iya ƙarar da ruwan jiki har ƙoda ta gaza.

Bayan Morison sai Thomas Holloway, wanda ya gane cewa talla ta fi magani kawo kuɗi. Kafin rasuwarsa a 1883 yana kashe wajen fam 50,000 a shekara wajen buga talla a jaridu cikin harsuna daban-daban. Dukiyar da ya tara ta isa har ya gina katafariyar kwaleji, Sarauniya da kanta ta buɗe ta a 1886. Ƙwayoyin Beecham kuma an yi ta tallarsu ana cewa kwali guda ya cancanci gini guda, watau sule ashirin da ɗaya, ko da yake sule ɗaya da kwabo ɗaya da rabi ake sayar da shi. Asirinsu ya tonu a 1909, sa'ad da ƙungiyar likitocin Biritaniya ta sa masana suka warware irin waɗannan magunguna, ta buga sakamakon a littafi. Aka tarar ƙwayoyin Beecham ba kome ba ne sai aloe da citta da sabulu, kuma kayan haɗin kwali guda kuɗinsu bai wuce kimanin anini ba.

Wannan kwabo ɗaya da rabi da ke bisa sulen yana da nasa labari. Kuɗin haraji ne, ana manna kan sarki na gwamnati a jikin kwali don shaidar an biya. Masu talla suka riƙa nuna wa mutane hatimin kamar gwamnati ce ta gwada maganin ta amince da shi. Ruɗun ya yi yawa har sai da aka ƙara rubutu a jikin hatimin a 1885 cewa ba lamunin gwamnati ba ne. Haka nan sunan da ake kiran magungunan da shi, patent, wanda ya samo asali daga takardar izini ta sarki. Yawancinsu ba su da wannan takarda, domin mai neman ta dole ya bayyana abin da ya haɗa, su kuwa ɓoyewa ce jarinsu. Sunan dai ya bi Turawa ya zo ƙasar nan, shi ya sa har yanzu ake ganinsa a allunan kantunan magani da jama'a ke kira kemis.

To, lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce kan sarkin wannan zamani, kuma ana yi mata irin fahimtar da aka yi wa wancan. Yawancin magungunan gargajiya da hukumar ta karɓa lambarsu tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarsa an duba maganin an ga ba ya cutarwa in an sha yadda aka rubuta, kuma izinin na ɗan lokaci ne. Ba ya nufin an tabbatar yana warkarwa. Saboda haka ne ake tilasta wa mai shi ya rubuta a jikin kwalba cewa hukumar ba ta tantance da'awar da yake yi ba. Wannan rubutu da Turanci yake, ƙanana ne haruffansa, lasifika kuma ba ta taɓa karanta shi. A 2023 hukumar ta rufe masana'antar wani maganin ruwa da ya yi suna a duk Arewa, wanda aka ba shi izini a kan basir kaɗai, sai aka shiga tallarsa a kan taifot da gyambon ciki da ciwon ƙugu, bayan ma wa'adin izinin ya ƙare.

Waɗanda suka fi kowa shan wuya a zamanin Biktoriya jarirai ne. Akwai wani ruwan zaƙi mai suna Mrs Winslow's Soothing Syrup, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1849 ya bazu har Ingila, ana ba yara masu fitar haƙori. Mofin ne a ciki, ɗan uwan ofiyom. Uwa ta ba ɗanta ya yi shiru, ta yi murna, ba ta san buguwa ya yi ba, waɗansu kuma daga wannan barci ba su farka ba. Nijeriya ta ɗanɗani irin wannan baƙin ciki a 2008, lokacin da maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikin haɗinsa, ya kashe yara aƙalla 84, waɗansunsu a Zariya. Wannan na masana'anta ne, ba na tsiro ba, amma ƙofar da ya shigo ta guda ce: imanin cewa fitar haƙori cuta ce mai bukatar kwalba. Zazzaɓi mai zafi ko gudawa a jikin jariri suna da dalilinsu dabam, asibiti ne wurin gano shi.

Kada a ɗauka ana rena itatuwa da saiwoyi ne. Kwinin daga ɓawon icce aka samo shi, kuma a 1854 Likita William Baikie ya hau kogin Binuwai da jirgi yana ba mutanensa shi kullum, ya komo ba wanda zazzaɓi ya kashe. A nan gida ma, cibiyar binciken magunguna ta tarayya da ke Abuja ta fitar da Niprisan don masu ciwon sikila, daga haɗin wani mai maganin gargajiya: masoro, kanumfari, ganyen dawa da wani icce dangin madobiya. Abin da ya raba waɗannan da ƙwayoyin Morison shi ne an san abin da ke cikinsu, an auna yawan da za a sha, an gwada su a kan cuta guda. Wanzami ko maɗori ko ungozoma da ke zaune a unguwa, kowa ya san gidansa da iyakar saninsa, ba ɗaya yake da mai motar da yau yana Bauchi gobe yana Azare ba.

Ingila ta daɗe kafin ta ɗaure bakin masu talla. Sai 1939 aka hana tallar maganin ciwon daji, sai 1941 aka tilasta rubuta abin da ke cikin kowane magani a jikin kwalinsa. Nijeriya tana da tata dokar abinci da magunguna tun 1974, wadda ta haramta tallata wa jama'a wani abu a matsayin maganin waɗansu cututtuka da ta lissafa, cikinsu har da ciwon daji, ciwon suga, hawan jini, farfaɗiya da raunin mazakuta. Ke nan rabin abin da lasifika ke faɗa a bakin kasuwa ya saɓa wa doka tun kafin a buɗe kwalbar.

Babbar hasarar kuwa ba kuɗin kwalba ba ce, lokaci ne. Mai ciwon suga ko hawan jini da ya ajiye ƙwayoyinsa na asibiti ya koma wa jarka wata uku, sau da yawa ba a ganinsa sai an ɗauko shi ranga-ranga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ƙafa ta ruɓe ko ɓarin jiki ya shanye. Wanda ya riga ya sha irin wannan magani, kada kunya ta sa ya ɓoye wa likita. Ya tafi da kwalbar ko ƙullin garin a hannu, ya faɗi yawan abin da ya sha da ranar da ya fara. In kwalbar ba ta da sunan mai yi, ko adireshi, ko ranar lalacewa, ko jerin abin da aka haɗa, a ajiye ragowar a kai ofishin NAFDAC na Jihar Bauchi, a kuma faɗi kasuwar da aka saya da ranar.