Ƙurar Da Ido Ba Ya Gani

 

Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne kawuna na Furana, wanda ya yi shekara ashirin yana fasa dutse yana sayar da tsakuwa. Yau ko masallaci zai je sai ya huta a hanya. Da muka kai shi asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce ƙurar dutse ce ta cinye masa huhu.

Malaminmu na kimiyya zai tuna ya koya mana cewa huhu na ɗauke da 'yan jakunkunan iska fiye da miliyan 300. Ƙura mai kauri, hanci da majina ke tare ta. Wadda ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ita ke zarcewa har cikin jakunkunan. A can akwai wasu ƙwayoyin halitta masu aikin shara, suna haɗiye duk wani datti. To, ƙurar dutse tana da sinadarin silika, wanda ba ya narkewa. Ƙwayar da ta haɗiye shi sai ta mutu, ta amayar da shi, wata ta sake haɗiyewa. A haka wurin ke kumbura ya zama tabo. Da farko sai da madubin likita ake ganinsa. Bayan shekara goma ko fiye, tabo ya haɗu da tabo, huhu ya sandare. Tabon ba ya warkewa, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. A 1997 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wannan ƙura cikin abubuwan da ke haddasa kansa.

Jama'a, mu ne 'yan bokon Ikara, Maƙarfi da Kudan, mu za a saurara. Mu gaya wa masu fasa dutse su riƙa jiƙa shi da ruwa. Su da masu casar masara da masu injin niƙa su sa takunkumi na ƙwarai, domin ƙyalle ba ya tare ƙananan. Tarin da ya wuce mako biyu, a je asibiti a gwada kaki.

Kawuna ya makara, amma yaran da suka gaji gudumarsa ba su makara ba. Rigakafi ya fi magani.