Kyanwa da Rumbun Hatsi: Jawabin da Aka Karanta a Taron Bayan Kaka

Iyayenmu dattijai, da ƴan'uwa da suka taso daga Birni da Zango da Sabon Gari, da ƴan ci-rani da suka zo daga Kano da Yamai da Agadas, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma yi wa juna barka da kaka.

Maganar da aka ɗora mana yau ta kyanwa ce, ko mussa kamar yadda waɗansunmu ke cewa. Mun san wani zai ce ina ruwan taron manya da mussa. To, maganar hatsi ce. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi wa Damagaram ganuwa, ya rasu a 1884, geron ƙauyuka irin namu shi ke ciyar da birni. Wanda kuwa ya ga yunwar 1973, da ta 1984, da wahalar 2005, ba sai an gaya masa darajar dami guda ba. Muna yin wata huɗu a gona, mu yi ɗauri, mu zuba a rumbu, sa'an nan mu bar kusu ya yi ta ci har damina ta kewayo. Abin da ya ɓata da kashi da fitsari ma ya fi abin da ya ci.

Hatsi ne ya haɗa mutum da kyanwa tun farko. Masana sun ce asalinta kyanwar daji ce, irin wadda har yanzu ake gani a jejinmu. Da mutane suka fara tara hatsi sai ɓera ya zo, ita kuma ta biyo shi. A 2004 an ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da shi. Watau ba mu muka kamo ta ba, ita ta kawo kanta aiki.

Ga inda muke kuskure da ita. Muna cewa in aka ba ta abinci za ta yi lalaci, ta daina kamu. Ba haka ba ne. Farauta halinta ne, ko ta ƙoshi in ta ji motsin kusu sai ta laɓe. Wadda aka bari da yunwa kuwa ba ta zama gida. Za ta tsallake danga ta tafi inda ake jefa mata kan kifi, ko ta faɗa wa ƴan tsaki, ko ta buɗe tukunya, sa'an nan mu bi ta da muciya muna cewa ɓarauniya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai gadin da ba a biya, ai ba a tuhumarsa in ya bar ƙofa.

Kuma a sani ita maciyar nama ce zalla. Cikinta ba irin na kare ba ne, tuwo da fura kaɗai ba su riƙe ta; in ta daɗe a kansu ganinta yana raguwa, zuciyarta ta yi rauni. Ba mu ce a yanka mata rago ba. Kan kifi, hanjin kaza da aka dafa, ɗan guntun abin da mahauci ke zubarwa ranar kasuwa, sau ɗaya ko biyu a yini, ya isa. A guji ba ta abin da ya ji albasa ko tafarnuwa, domin suna lalata mata jini. Madarar shanu da muke tsammani gata ce, yawancin manyansu zawo take sa su. Ruwa mai tsabta ta fi bukata, musamman da bazara, a kasko, a inuwa, nesa kaɗan da wurin cin abincinta.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu, kuma da ƴan ci-rani muke. Da yawanmu in za mu zo gida mukan sayo shinkafar ɓera a tasha ko a kasuwar Dole, mu miƙa wa tsofaffi da kyakkyawar niyya. Kusun da ya ci gubar ba nan take yake mutuwa ba; yakan fito yana tangaɗi, shi ne kuwa wanda kyanwa ta fi saurin kamawa. Ta ci, ita ma ta bi shi. Kaji su tsattsage sauran. Bayan wata biyu kusa sun dawo, mai kama su babu. Ba mu ma taɓo maganar yaro mai rarrafe ba, wanda duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Wanda yake son ya taimaki rumbun mahaifinsa ya sayo tarko, ya sayo gwangwani ko fallen kwano a naɗe ƙafafun rumbun don kada kusu ya hau, a kuma share ciyawa da karan da ke jingine da shi. Gafiya kam ta fi ƙarfin yawancin kyanwoyi, ita sai tarko. Haka nan maganin feshin gona da na kaskar shanu, kada a shafa wa kyanwa don ƙuma, yana kashe ta. Farasitamol ma, ƙwaya guda tana iya halaka ta.

Halinta ba shi da wuyar karantawa. Barcin da take yi da rana, awa 12 ko fiye, ba ragwanci ba ne. Aikinta da magariba ne da asuba, lokacin da kusu ke fita. In ta ɗaga wutsiya sama ta nufo ka, gaisuwa ce. In tana kaɗa wutsiya da ƙarfi, ta kwantar da kunnuwa baya, to ranta a ɓace yake, ba kamar kare ba. A koya wa yara su ƙyale ta a sa'an nan, domin ba kowace ce kyanwar Lami ba. Goga kumatu da take yi a ƙafarka ko a bakin ƙofa, ƙamshinta take sa wa, tana cewa nan gidana ne. Shi ya sa in an kai ta sabon gida takan gudu ta koma tsohon. A tsare ta a ɗaki guda kamar mako biyu, da abinci da ruwa da kaskon rairayi, kafin a sake ta.

Cikinta mako tara ne, tana kuma iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Kada a raba ƴaƴan da uwarsu sai sun yi wata biyu. Waɗanda aka saba ɗauka a hankali tun suna mako biyu zuwa bakwai su ne ke sabawa da mutane. In sun yi yawa a raba wa maƙwabta masu rumbu, ko a tambayi ma'aikatan kiwo yadda ake fiɗiye muzuru. Jefa su rijiya ko zubar da su a jeji ba aikin kirki ba ne, malamanmu da ke zaune nan sun fi mu sanin hadisin matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Baƙar kyanwa kuma da yara ke jifa da sunan aljana, launin gashi ne kawai, kusu take kamawa kamar sauran.

Abu biyu na lafiya kafin mu zauna. Mace mai ciki kada ta riƙa kwashe kashin kyanwa, akwai cutar da ke bi ta nan ta taɓa abin da ke cikin. Wani ya yi, ya wanke hannu da sabulu. Sa'an nan ciwon haukan kare yana kama kyanwa. In ta ciji mutum ko ta yakushe shi, balle wadda ba a sani ba, ko wadda ta sake hali tana dalalar da miyau, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi likita a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru, domin in alamun ciwon suka bayyana ba a warkewa. Akwai allurar rigakafi da ake yi wa kyanwa kamar yadda ake yi wa kare; in ma'aikatan kiwo sun zo allurar shanu, mai kyanwa ya tambaye su.

Wanda yake da ƙarin bayani, musamman iyayenmu mata da suka fi mu zama da su, fili nasa ne.