Ajiyar Zannuwa A Garin Damina: Jawabi A Taron Mata Na Ƙungiya

An ce in yi magana a kan ajiyar zannuwan gado da labulaye da tawul, tunda sana'ata ke nan. To, bari in fara da abin da ya same ni.

Shekarar da zan aurar da 'yata ta fari, na je har Kantin Kwari a Kano na haɗo zannuwan gado guda takwas. Na turara su, na ƙulle a leda, na sa a akwati na tura ƙarƙashin gado. Saura mako biyu biki na buɗe. Wallahi warin da ya buge ni sai da na zauna! Fumfuna ta yi wa huɗu baƙin ɗigo-ɗigo wanda ba ya fita. Sai da na ci bashi na sake saye a Gbagi.

Laifin wa? Nawa. Tun 1916 da aka kafa Sabon nan kakanninmu suke zaune a Badun, amma har yau ajiyar Arewa muke yi. A Kano ruwan wata huɗu ne ko biyar, sai rani ya busar da komai. Nan kuwa tun watan Maris ko Afrilu ake farawa, sai Oktoba ya wuce. Zanen da kika taɓa kika ji kamar ya bushe, da sauran laima a jikinsa. Turare kuma ba ya kashe danshi, haɗuwa suke yi su ba da wani wari na daban.

Saboda haka bushewa ce farko. A shanya a rana sosai, a goge da dutsen guga mai zafi, a bari ya huce kafin a ninke. Ban da leda. A naɗe da tsohon zanen auduga. Akwatin kuma a ɗora shi a kan katako, kada ya taɓa siminti ko ya jingina da bango. In hunturu ya shigo a Disamba, a fito da komai ya sha iska.

Sannan ƙamshi. Ni dai kajiji na fi so, don yana daɗewa, amma a fasa ɗaya a gani, in cikinsa da laushi bai bushe ba. Saiwar jema ma haka. Kanumfari yana da mai, yana ɓata farin zane, sai a ƙulle shi a ƙyalle a sa a kusurwa. Busasshen ganyen darbejiya, wato dogon yaro, shi ne maganin asu. Mai hali ta sa sandal. In turaren wuta ne irin na 'yan Barno, a kifa kabbasa a kan kasko, garwashi kaɗan, kuma a tsaya a wurin. Kada a tafi ɗora tukunya a bar zane a kan wuta.

Saura kafur, wannan farin ƙwallon na kanti. Masu jego, ku ji ni da kyau. Ba itace ba ne, sinadari ne, kuma ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sayar da shi tun 2008. Akwai jarirai, galibi maza, da ake haifa da wani rauni na gado a jininsu. In suka shaƙi kafur, ko aka naɗe su da tawul ɗin da ya kwana da shi, jinin ya kan farfashe, shawara ta kama su, har ta iya taɓa ƙwaƙwalwa. Wanki ɗaya kuma ba ya fitar da shi. Ni ma da ina zubawa, don haka muka taso muka gani. Kayan jariri, rana da guga sun ishe su, ko kajijin ma a dakata sai ya yi ƙwari. Wadda ta ga idon jaririnta ya yi rawaya, asibiti a ranar, kada a jira suna.

Na zo da kajiji da jema a jaka, in an tashi kowa ta zo ta fasa ta ga yadda busasshe yake.