Ɗaukar Kwaɓi Daban, Koyon Gini Daban

  Yau hirarmu a kan koyon sana'ar gini take. Maganar ta shafi duk wanda ke da yaro a gida. Ta kuma shafi duk wanda ke kwana cikin ɗaki.

Kun tuna damanar 2024. Ruwa ya yi yawa ƙwarai. Dubban gidaje sun faɗi a jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da sauransu. Mutane da yawa sun rasu, wasu bango ne ya faɗa musu. A Damagaram, har tsohon masallacin Birni ya rushe cikin watan Satumba. Ruwan sama ba a hannun mutum yake ba. Amma tushen ɗaki a hannun mutum yake, haka yaɓe, haka indararo. Duk gidan da ya faɗi, sai an sake gina shi. To, wa zai gina? Yaran da ke koyo yau, su ne maginan gobe. In sun koya da kyau, mun kwana lafiya. In ba su koya da kyau ba, mu ne a ƙarƙashin rufin.

Yadda ake koyo tun kaka da kakanni

Gini tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Manyan garuruwa irin su Damagaram suna da Sarkin Magina. Yaro yakan fara da ɗibar ruwa da kwaɓa ƙasa. Daga nan ya koyi yin tubali, ya riƙa jefa ma magini a bisa bango. In hannunshi ya faɗa, sai a ba shi yaɓe. Bayan haka ya hau bango da kanshi. Can daga baya ya koyi jera azara da ɗaurin baka. Mataki bayan mataki ake tafiya, ba a tsallakewa, ba a kuma barin yaro wuri ɗaya.

Irin wannan koyo ya fid da gwanaye. A garin Yama, cikin jihar Tawa, wani manomi magini mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine masu kyau na duniya. Ƙasar da muke takawa ce ya yi aiki da ita. Ilimin hannu ne ya bambanta shi.

Inda matsala take

A ce yara biyu sun shiga wurin gini rana ɗaya. Na farko kullum kwano ke kanshi, yana kai kwaɓi. Da marece a ba shi ƴan kuɗi, ya kai gida, kowa ya ji daɗi. Shekara biyar ta wuce, har yanzu kwanon ne. Bai taɓa ja igiya ba, bai taɓa tsai da kusurwa ba. Na biyu shi ma ya ɗauki kwano, amma maigidanshi yana kiran shi, yana nuna mishi awo, yana ba shi bango ya ɗora. Kuɗin da yake samu ba su kai na ɗan'uwanshi ba. Amma bayan shekarun nan, shi ake zuwa nema har gida.

Na farko lebura ne, na biyu mai koyo ne. Aikin lebura ba abin kunya ba ne, halali ne. Sai dai ƙarfi yana ƙarewa, sana'a kuwa tana tsufa tare da mai ita. Kada kuɗin yini su rufe muku ido.

Abu huɗu kafin ku ba da yaro

Na ɗaya, ku zaɓi magini da idonku. Ku je ku ga ɗakunan da ya gina, waɗanda sunka ga damana huɗu ko biyar. Bango ya tsage? Rufi yana yoyo? Ku tambaya kuma: yara nawa sunka koya a hannunshi, ina suke yanzu? Maginin da bai taɓa yaye kowa ba, ba da ɗanku zai fara ba.

Na biyu, ku duba shekarun yaro. Dokar aiki ta ƙasarmu, ta 2012, ta hana a ɗauki yaro aiki, ko da koyo ne, in bai kai shekara 14 ba. Buhun siminti kilo 50 ne, ba kayan ƙaramin yaro ba ne. In yaro yana lakkwal, kada ku fid da shi. Gini na zamani yana son mai karatu da lissafi.

Na uku, ku yi takarda. Dokar nan ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yin ta. Ga amfanin karatun da kuke yi. Ku zauna da magini gaban shaidu biyu, a rubuta: shekara nawa yaro zai yi, abin da za a koya mishi kowace shekara, wa ke ci da shi, wa ke biyan magani in ya ji ciwo, da abin da za a ba shi ranar yaye. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe tashi. Baki yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa.

Na huɗu, ku riƙa leƙawa. Bayan wata shida, ku gwada yaro a gida. Ku ce ya fitar muku da kusurwar ɗaki. Wanda anka koya ma zai kafa turke, ya ja igiya biyu. Zai auna santimita 60 a igiya ɗaya, santimita 80 a ɗayar. In tsakanin alamun biyu ya cika santimita 100, wato mita ɗaya, kusurwa ta yi daidai. Ku ce kuma ya duba muku bango. Zai ɗaura ƙarfe a bakin zare, ya saki daga bisa, ya gani ko bangon ya miƙe ko ya karkata. Ku tambaye shi batun siminti. Ya kamata ya san ana kwaɓa shi da rairayi mai tsabta, ba mai laka ba, kuma ruwa mai yawa yana rage mishi ƙarfi. Ya san bayan an zuba kankare ana ba shi ruwa har kwana bakwai. In yaro bai san ko ɗaya ba, ku ɗauki takardarku ku je ku ga magini, cikin ladabi.

Wasu hanyoyin koyo

Ban da wurin magini, gwamnati ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM a garuruwa da dama. Ana koyar da samari da ƴan mata sana'o'i kamar kafinta, walda, aikin lantarki da ɗinki, wasu wurare har da gini. Ba kowace cibiya ke da kowace sana'a ba. Ku je ma'aikatar magajin gari ku tambaya. Yaron da ya yi nisa a karatu kuwa, akwai makarantun fasaha, kamar ta Ɗan Kasawa a Maraɗi.

Babban magini ma yana iya ƙaro ilimi. Kun san azara ta yi tsada, giginya ta yi ƙaranci. A 1980, a garin Cikal kusa da Filinge, anka fara koya ma magina gini ba icce. Ana rufa ɗaki da ƙananan tubali na ƙasa, a yi shi kamar ƙwarya a kife, ba azara, ba kwano. Dabarar daga ƙasar Nuba ta fito, a kudancin Masar. Amma gini ne mai son awo sosai. Kada kowa ya gwada shi don ya gani da ido kawai. Sai wanda ya koya a hannun wanda ya iya.

Magana ga magina da samari

Ku magina, yaron da anka ba ku amana ne. Kada ku ɓoye mishi sana'a don tsoron ya ƙwace muku aiki. Aikin gini ya fi ƙarfin maginan da muke da su. Ku duba tsani kafin yaro ya hau. Ku sa ya sa takalmi, ya wanke hannu bayan aiki, don ɗanyen siminti yana cin fata.

Ku samari, ku yi haƙuri da ladabi. Ku zo da wuri, ku wanke kayan aiki kafin ku tashi. Abin da ba ku gane ba, ku tambaya. Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta awon da kunka koya kowace rana.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna da malaminku. Mene ne bambancin lebura da mai koyo? Me da me za a rubuta cikin takardar koyo? Yaya ake gane kusurwa ta yi daidai? Gobe ku zo aji da igiya da turke uku, ku auna da hannunku a tsakar fili.

Sai sati mai zuwa. Mu kwana lafiya.