Mafarautan da ke Cikin Kwata: Faj da Lafiyar Dabbobinmu

Laccar da aka gabatar ga masu kiwo, mahauta da ɗalibai a Moshi Zango, Kumasi



Duk wanda ya taɓa leƙa akurkin kaji a unguwar nan ya san launin ruwan da ke cikin mazubi: rawaya, saboda garin tetirasaikilin da aka kaɗa a ciki tun kajin suna 'yan tsaki. Ragon layya ya yi tari, a ɓare masa kafso ja-da-rawaya a baki. Sa ya sauko daga tirela a mayankar Kaase bayan doguwar tafiya daga Burkina ko Mali, yana layi, a danna masa allura don ya kai gobe. Babu mugunta a ciki. Mutum ne ke kare jarinsa da abin da ya samu a kanti mafi kusa.

Matsalar ita ce ƙwayoyin bakteriya suna koyon darasi. Kowane ɗan maganin da bai kai ƙa'ida ba yana kashe masu rauni, ya bar masu taurin kai su hayayyafa, su bi nama da ƙwai da kashin kaji har cikin hanjin mutum. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi ƙamari shi ne Afirka ta Yamma. Tarayyar Turai ta haramta zuba antibayotik a abincin dabbobi don ƙiba tun 2006. Ghana kuwa ta ƙaddamar da nata tsarin yaƙi da wannan matsala a 2018.

To, idan magani ya gaza, sai me?

Amsa ɗaya ta girmi penisilin. A 1915 wani likitan Ingila, Frederick Twort, ya ga wani abu yana narkar da bakteriyar da yake renonta. A 1917 Félix d'Hérelle, a Cibiyar Pasteur ta Paris, ya gano cewa wata ƙwayar bairas ce da ba ta da abinci sai bakteriya, ita ce ake kira faj. Abin da ya kamata mai kiwo ya riƙe shi ne marasa lafiyar d'Hérelle na farko-farko kaji ne. A 1919 taifot ɗin kaji ya addabi gonaki a Faransa. D'Hérelle ya tace faj daga kashin kajin da suka warke, ya ba sauran, mace-macen suka ragu. Ya maimaita irin wannan aiki a kan ɓaunayen noma a yankin Indocin. Da penisilin ta cika kasuwa a shekarun 1940 sai Yammacin Turai da Amurka suka juya wa faj baya. Cibiyar da George Eliava ya kafa a Tibilisi ta Jojiya a 1923 kuwa ta ci gaba da riƙon sana'ar har yau. A shekarun 1980 Williams Smith da Huggins a Ingila suka sake tono zancen, suka warkar da gudawar E. coli a 'yan maruƙa, 'yan tumaki da 'yan aladu.

Yadda faj take aiki abin kallo ne. A shimfiɗa bakteriya a faranti har ta rufe shi da wani hazo-hazo, a ɗiga ruwan kwata da aka tace, a bar shi ya kwana. Da safe sai a ga 'yan ramuka garau a cikin hazon. Kowane rami faj guda ce ta fara shi: ta manne a jikin bakteriya, ta tsiyaya mata ƙwayoyin halittarta, ta tilasta mata ƙera 'ya'yan faj, cikin abin da bai kai awa ba bakteriyar ta fashe, gommai ko ɗaruruwa suka fito neman na gaba. Faj kamar mai bin bashi take, ta san gidan da za ta ƙwanƙwasa, ba ruwanta da maƙwabta. Ba ta taɓa jikin kaza ko na mutum, ba ta share bakteriya masu amfani da ke cikin hanji, kuma idan abincinta ya ƙare ita ma sai ta ɓace.

Wannan zaɓen nata shi ne alherinta, shi ne kuma wahalarta, kuma nan ne zancen ya shafi Kumasi kai tsaye. Faj da aka kamo a Folan don bakteriyar Salmonella ta can ba dole ba ne ta gane Salmonella ta Dormaa Ahenkro ko ta Aboabo. Dole a farauto ta inda cutar take: kwatar mayanka, ƙasan akurki, ruwan da ke bin lambatun unguwa. Ƙazantar da ake yi wa Zango gori a kanta, a wajen masanin faj ma'adini ce. Wannan ba uzurin barin kwata a toshe ba ne, kada wani ya fita da wannan fatawa.

An fara aikin a nahiyar nan. A Nairobi, masana na cibiyar binciken dabbobi ta ILRI tare da Jami'ar Laval ta Kanada sun tattara faj daga gonakin kajin Kenya don yaƙar Salmonella. Ƙungiyar Phages for Global Health, wadda Tobi Nagel ta kafa, ta fara horar da matasan masana a Jami'ar Makerere ta Yuganda a 2017, kuma a 2019 ta kawo horon nan Kumasi. Garin da ke da jami'ar KNUST, da makarantar likitocin dabbobi, da cibiyar bincike ta KCCR, ba ya rasa faranti da hannun da zai riƙe shi.

Sai dai a yi hattara da masu talla. Faj ba ta maganin Niyukasal, Gumboro ko murar tsuntsaye, domin su kansu bairas ne. Riga-kafi ne maganinsu. Bakteriya ma tana iya bijire wa faj, shi ya sa ake haɗa iri uku ko biyar a kwalba ɗaya, a riƙa sabunta haɗin. Akwai kuma faj marasa amana, masu shiga bakteriya su kwanta su ba ta makami. Gubar kwalara ta wannan hanya ta samu. Saboda haka kowace faj sai an karanta ƙwayoyin halittarta kafin ta kusanci bakin dabba. Tsamin ciki yana kashe wasu, zafin rana yana raunana wasu, wanda babban al'amari ne a inda wuta ke ɗaukewa.

Mai kiwon da ya saba aika yaro kemis da sidi goma ya ce a ba shi "na kaji" zai tarar da faj ta fi ƙarfin wannan ciniki. Tana buƙatar a kai gawar kaza ko kashinta ɗakin gwaji, a san sunan ƙwayar, sannan a zaɓo mafaraucinta. Sarkin fawa da ƙungiyoyin masu kiwo suna da abin yi tun yanzu: su buɗe wa ɗaliban jami'a ƙofar garke da mayanka su ɗebi samfuri, su kuma matsa wa mambobinsu su kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin allura da yanka. Rajistar irin wannan magani kuwa tana hannun Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana da Sashen Kula da Lafiyar Dabbobi, kuma kwalbar da ba ta ɗauke da lambar hukuma, ko da an rubuta faj a jikinta da manyan baƙaƙe, a bar wa mai ita kayansa.